Ƙaramin Rami Mai Tona Asirin Ƙarfe

Mu da muka tashi a Fakku mun sha ganin mai walda ya haɗa ƙofa a miƙe, amma da ta huce sai ta karkace. Me ya jawo haka?

Ƙarfe yana buɗewa idan ya sha wuta, yana kuma tsukewa idan ya huce. Wurin da aka yi walda yana son tsukewa, amma sauran ƙarfen mai sanyi ya riƙe shi. Sai su zauna suna jan juna a ciki. Wannan shi ne ɓoyayyen matsi, ido ba ya ganinsa.

Abin ba na wasa ba ne. A watan Janairu 1943 wani sabon jirgin ruwa na dakon mai, mai suna Schenectady, ya tsage biyu yana tsaye a tashar Portland ta Amurka. Ƙarfensa ya yi gautsi saboda sanyi, kuma tsagar ta faro ne daga wurin walda.

To, yaya ake auna abin da ba a gani? Wani Bajamushe, Josef Mathar, shi ne ya nuna dabarar huda rami. Yau ga yadda injiniyoyi suke yi:

1. A goge fuskar ƙarfen, a liƙa 'yan na'urori uku masu jin motsi a kewayen wurin.
2. A huda rami a tsakiyarsu kaɗan-kaɗan, faɗinsa kamar milimita 2.
3. Ƙarfen da ke bakin ramin zai saki jiki ya ɗan motsa.
4. Na'urorin su auna motsin, a lissafa yawan matsin da inda yake ja.

Mu ma za mu iya gwadawa. Mu samo robar tsohon tiyub na keke, mu ja ta sosai, mu kafe ta a katako da ƙusa. Mu yanke ɗan rami zagayayye a tsakiya. Za mu ga ya miƙe kamar ƙwai, tsawonsa yana bin inda ake jan robar.

Idan matsin ya yi yawa, akan sake dafa ƙarfen a bar shi ya huce a hankali. Tambayarmu ta wannan mako: me ya sa ba a son a kwara wa sabuwar walda ruwa? A kawo amsa wurin 'yan kulob.