Amsoshin Tambayoyinku: Ƙari a Hanyar Madaciya

Wata mai saurare daga Kebbe ta ce an yi wa mahaifinta hoton ciki a Tambuwal, aka ga ƙari a hanta. Kansa ce?

Baiwar Allah, ba lallai ba. Akwai ƙananan ƙari marasa illa da ke tsirowa daga siraran hanyoyin madaciya, galibi ba su kai santimita 2 ba. Ba sa yaɗuwa, amma a hoto sukan yi kama da kansar da ta bazu. Sai an ciri ɗan nama an duba da madubin likita ake raba gardama. Ku kai Baba Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. In idonsa ya yi rawaya, fitsarinsa ya yi duhu, kada ku tsaya jiƙon shawara, ku tafi yau.