Firji Mai Famfo Don Zoɓo Da Lemun Citta: Abin Lura Kafin Saye Da Haɗawa

Wata baiwar Allah mai sana'ar kayan sha ta aiko mini da tambaya. Ta ce: "Malam, kullum ina dafa zoɓo da lemun citta ina ɗurawa a gorunan roba. Wankin gorunan nan ya ishe ni, kuma duk ranar da aka ɗauke wuta sai rabin kayan ya yi tsami. Ɗana ya nuna mini wani firji mai famfo a wayarsa, ya ce a Turai giya ake zubawa a ciki. Shin zai yi mini aiki? In zai yi, me zan saya?"

Hajiya, Allah ya yi wa sana'a albarka. Zai yi miki aiki, amma da sharuɗɗa, kuma gara ki san su tun kuɗinki na hannunki.

Asalin na'urar

Turawa na kiranta kegireta. Firji ne da aka sa tulun ƙarfe a cikinsa, aka haɗa tulun da tukunyar iskar gas, aka fito da famfo waje. Iskar na danna abin shan daga sama, shi kuma ya biyo tiyo ya fito ta famfo da sanyinsa. Gaskiyar ɗanki, masu dafa giya a gida ne suka fi yayata ta, musamman a Amurka bayan da Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu kan dokar da ta ba su dama a 1978. Sai dai tulun da suke amfani da shi ba don giya aka ƙera shi ba. Kamfanin Cornelius ne ya yi shi don lemun kwalba, kuma Pepsi da Coca-Cola sun daɗe suna rarraba lemo a cikinsa zuwa gidajen abinci. Da kamfanonin suka koma zuba ruwan lemonsu a leda cikin kwali, sai tulunan suka zama kwantai, masu giya suka kwashe su da araha. Saboda haka wanda ya zuba zoɓo a tulun nan ya mai da shi kan aikinsa na asali ne.

Tulu guda na cin lita 19, wato daidai da gora 38 ta rabin lita. Wankin gora 38 ya koma wankin tulu ɗaya, kuma abin shan yana rufe, ba hannu, ba ƙuda, ba ƙura.

Abin da ya dace a zuba, da wanda bai dace ba

Nan ne mutane suka fi yin kuskure. Zoɓo, da lemun tsamiya, da lemun citta mai lemun tsami duk sun dace, domin suna da tsami na asali wanda ke hana yawancin ƙwayoyin cuta sakewa, kuma ana iya tace su fes. Kunun aya kuwa, da kunun zaki, da fura da nono, da duk abin da aka sa wa madara, kada ki kusantar da su tulun nan. Garinsu na kwantawa a ƙasa, daidai inda siririn bututun da ke ɗebo abin sha yake, nan da nan ya toshe. Abin da ya fi wannan muni shi ne, kunun aya ba shi da tsamin da zai kare shi. Idan aka rufe shi a wurin da ba iska, wuta ta ɗauke ya yi ɗumi, ƙwayoyin cuta masu haɗari na iya hayayyafa a ciki ba tare da kamanninsa sun sauya ba. Kunun aya na yini guda ne, a bar shi a yadda aka san shi.

Shi ma zoɓon, ki tace shi sau biyu, da rariya sannan da farin yadi mai tsafta. Ɓarɓashin citta ko kanumfari ɗan ƙanƙane ya isa ya maƙale a bakin tulu ya hana ruwa fitowa.

Firjin da za ki zaɓa

Hanya uku ce. Ko ki sayi wanda aka haɗa tun daga masana'anta, ko a gyara firjin gida na tsaye, ko a yi da firiza mai murfi a sama. A ƙasarmu ta zafi da ƙarancin wuta, na uku na fi ba da shawara. Iska mai sanyi nauyi gare ta, da an buɗe ƙofar firji na tsaye sai ta zubo waje, amma a firiza mai murfi tana nan kwance. Bangonsa ma ya fi kauri, don haka ya fi riƙe sanyi idan an ɗauke wuta. Matsalarsa ɗaya, zai daskarar da zoɓon. Maganinta ƴar na'urar daidaita sanyi, irin ta kamfanin Inkbird, wadda ake jona firizan a jikinta, a manna wayar aunawarta a jikin tulu. Ki saita ta tsakanin digiri 2 da 4 a ma'aunin Salshiyas. Da sanyi ya kai sai ta yanke wuta, da ya ragu ta mayar.

Kafin ki biya, ki duba takardar da ke manne a bayan firji. Abu na farko ƙarfin wuta: wutarmu 230 ce, ta Amurka kuwa 120, kuma firjin can da aka jona kai tsaye a nan ƙonewa zai yi. Na biyu harafin yanayi. Mai harafin N an yi shi don zafin da bai wuce digiri 32 ba, mai ST 38, mai T kuwa 43. Wanda ya san watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram ya san T ne namu. Sannan ki je da tef ki auna cikin firizan, domin tulu mai lita 19 tsayinsa ya kai santimita 63, faɗinsa kusan 22, ga kuma kawunan tiyo a samansa.

Gargaɗi ga kafinta ko mai gyaran firji: kada a huda bangon firiza. Bututun sanyi na zagaye cikin bangon, kuma yawancin na zamani gas ɗin R600a ke cikinsu, wanda ke kamawa da wuta. Yadda ake yi shi ne a cire murfin, a yi gewaye na katako a ɗora a bakin firizan, a mai da murfin bisa katakon, sannan a huda katakon a sa famfo.

Tulu, famfo da tiyo

Tulun iri biyu ne. Akwai mai makullin ƙwallo, wanda aka sani da Pepsi, akwai mai makullin ƙusa na Coca-Cola, ya fi gajarta da kauri. Kawunansu ba sa shiga juna, don haka ki tsaya kan iri ɗaya. A mai ƙwallo, kai mai ruwan toka na iska ne, baƙi na abin sha. A mai ƙusa, mai ƙusa biyu na iska, mai uku na abin sha.

Idan na hannu za ki saya, ki buɗe murfin ki leƙa da tocila, ki tabbatar ba tsatsa a ƙasa. Ki shinshina robar murfin. Na taɓa karɓar wani tulu da na wanke sau uku, amma duk ruwan da na zuba sai ya fito da ƙamshin tsohon lemo. Ƙarfen ya fita tas, robar ce ta shanye warin. Robobin hana yoyo guda biyar ne a jikin kowane tulu: ɗaya babba a murfi, biyu a kawuna, biyu a bututun ciki. Ki sauya su duka, kuɗinsu kaɗan ne. Tunda kuma ba ki san abin da aka taɓa zubawa a ciki ba, a kwance komai a wanke ɗaya bayan ɗaya, tiyo kuwa a sayi sabo.

Famfo da duk ƙarfen da abin sha zai taɓa su zama na sitenles zalla. Akwai masu araha na tagulla da aka shafa wa farin fenti mai ƙyalli. Tsamin zoɓo na cinye fentin, ya kai ga tagullar, ya narkar da ita cikin abin sha, mutane su sha su yi ta amai. Araha ba ta ado.

Tukunyar gas ba abin wasa ba ce

Iskar da ake amfani da ita CO2 ce, irin wadda ke sa lemun kwalba tartsatsi a harshe. Ki nemi wadda aka tace don abinci, ba ta masu walda ba. A cikin tukunya ruwa-ruwa take, matsinta ya haura 800 a ma'aunin psi, alhali tulun bai wuce 130 yake ɗauka ba. Shi ya sa dole a sa kan gas mai rage matsi a tsakaninsu, kuma ba irin na tukunyar girki ba, nata daban ne, mai agogo biyu. Agogo ɗaya na nuna abin da ke shiga tulu, ɗayan na nuna matsin tukunya. Kada na biyun ya yaudare ki, allurarsa ba ta sauka sai gas ya kusa ƙarewa. In kina son sanin saura, ki ɗora tukunyar a sikeli ki cire nauyin da aka buga a wuyanta.

Tukunyar ta tsaya a tsaye, a ɗaure ta da sarƙa a bango, a inuwa. Zafi na ƙara mata matsi sosai, musamman in ya haura digiri 31, don haka ba a barin ta a rana ko cikin mota a rufe. Iskar nan ba ta da wari, ta kuma fi iskar da muke shaƙa nauyi. Idan ta yi yoyo a ƙaramin ɗaki sai ta taru a ƙasa, inda yara ke kwana. Ki ajiye kayan a wuri mai taga, ba a ɗakin barci ba, kuma kada kowa ya zura kansa cikin firizan yana leƙe.

Ranar haɗawa

Ki fara gwaji da ruwa zalla. A haɗa komai, a buɗe gas, a kwaɓa ruwan sabulu a shafa a kowace mahaɗa da gefen murfi. Ki tsaya ki zuba ido. Inda ke yoyo za ki ga ƙananan ƙwayayen kumfa suna tasowa ɗaya bayan ɗaya kamar idon kifi. A ƙara ɗaurewa har su daina. Yoyon da kunne ba ya ji na iya ƙarar da tukunya a dare ɗaya.

Bayan nan ki zuba zoɓon da ya huce, ki bar ɗan fili a sama, ki rufe. Ki buɗe gas, ki ja zoben da ke kan murfi har iska ta fita, ki maimaita sau huɗu ko biyar. Wannan na korar iskar waje da ke dusar da launi da ɗanɗano. Ki sa shi a sanyi nan take.

Idan zoɓo mai ɗan tartsatsi kike so, matsi 10 zuwa 12 ya isa, zai ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ya kama. Idan irin na lemun kwalba ne, sai a kai wajen 30. Amma matsi da tsawon tiyo tare suke tafiya. A matsi 12, siririn tiyo mai faɗin milimita 5 ya zama mita 3. A matsi 30 sai ya kai mita 8 ko fiye, a naɗe shi bisa tulu cikin firiza. Duk wanda ya ce miki famfonsa kumfa kawai yake zubarwa, kofi ya cika da jar kumfa amma zoɓon bai kai rabi ba, to ɗayan uku ne: tiyo ya yi gajere, ko abin shan bai yi sanyi ba, ko ana buɗe famfon rabi-rabi. A buɗe shi gaba ɗaya, a karkata kofi. Mai son zoɓo lami, ba tartsatsi ko kaɗan, sai ya yi amfani da iskar naitirojin, wadda ba ta cika narkewa a ruwa ba, ita ma da nata kan gas ɗin.

Tsafta da wuta

Kada ki ɗauka tulu a rufe na hana lalacewa. Sanyi ne ke hanawa. Sukari ya haɗu da ɗumi da ƙwayoyin yis da ke yawo a iska, sai zoɓo ya fara juyewa, kuma ƙarshen wannan juyi barasa ce. Idan an daɗe ba wuta, kika ji warin tsami irin na ƙullun da ya kwana, ki zubar, kada ki sayar wa bayin Allah. Ki cika sauran filin firizan da gorunan ruwa don su taya riƙe sanyi, ki sa sitabilaiza, in da hali kuma a jona a sola.

Duk tulun da ya ƙare a wanke shi ranar, kada ya kwana. Tiyo da famfo a wanke su akalla duk mako biyu, a kwance famfon a goge cikinsa da ɗan buroshi, domin nan ne ƙuda da kiyashi ke bi. Kada a jiƙa tulu da bilic, sinadarin da ke cikinsa na huda sitenles.

Shawarata ta ƙarshe

Hajiya, idan cinikinki na gora da leda ne da yara ke kai wa tasha, ko wutarku sai an ga dama, wannan na'ura ba taki ba ce tukuna, ki sa kuɗin a firiza mai kyau da sola. Idan kuwa kina da shago ko gidan abinci inda ake sha a kofi, ko kina kai abin sha wuraren biki, kina kuma da tabbacin sanyi dare da rana, ki saya. Ki fara da tulu ɗaya da famfo ɗaya, ki tabbatar akwai mai cika tukunyar gas a garinku tun kafin ki biya kuɗin komai. In don cinikin azumi kike shiri, ki haɗa tun watan Rajab hannunki ya saba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya kawo kasuwa mai albarka.