MU SAN TSUNTSAYEN DAJINMU: TSIRYA

Ƴan'uwa makiyaya da manoma, darasinmu na wannan karo a kan tsirya ne. Mutane da yawa suna ce mata aku, amma ba ɗaya suke ba.

Yaya ake gane ta?

Tsirya koriya ce shar. Tsawonta ya kai santimita 40, fiye da rabi duk wutsiya ce, doguwa mai tsini. Bakinta lanƙwasasshe ne, ja mai duhu. Namijin yana da zobe baƙi da ja-ja a wuya, wanda ke fitowa in ya kusa shekara 3. Macen ba ta da shi. Suna tashi garke-garke, da sauri, da kuka mai kaifi.

Akwai wata ƴar'uwarta mai gajeren wutsiya, tsawonta santimita 23, kanta toka-toka, cikinta rawaya. Shi kuwa aku na gaske, mai launin toka da jar wutsiya, tsuntsun kurmi ne, ba ya zama a dajinmu. Tun 2017 dokar duniya ta hana fataucin wanda aka kamo a daji daga ƙasa zuwa ƙasa.

Ina take zama?

Ana samunta a kudancin ƙasarmu, inda manyan itatuwa suke kusa da ruwa, kamar bakin kogin Isa da gandun dajin W. Tana cin ɗiyan icce, da kaka kuma tana taɓa hatsi da dawa. Ba ta saƙa sheƙa. Cikin kogon tsohon icce take yin ƙwai 3 ko 4, kuma da rani take yi.

To, nan ne maganar ta shafe mu. Da rani ne muke sarar rassa don dabbobi su samu ganye. Kafin ka ɗaga gatari, duba da kyau. In reshe na da kogo, bar shi, ka sari ƙananan rassa. Iccen da aka yi wa ƙwal ya mutu, tsirya ta rasa gida, kai kuma ka rasa inuwa da abincin bisashe baɗi.

Gargaɗi

Ku hana yara kwasar ƴaƴanta. Tsuntsayen wannan dangi suna iya ɗaukar wata cuta da ke kama mutum in ya shaƙi ƙurar busasshen kashinsu. Alamunta masassara, ciwon kai da tari. Wanda ya ga haka, ya tafi likita, ya faɗa cewa yana da tsuntsu a keji. Tana da magani.