Yadda za ka leƙa Bodinga da Shagari daga sama, ka kuma auna gonarka da Google Earth

Da yawa daga cikinmu Google Maps kawai muka sani, shi ma sai in mun ɓata hanya. Amma akwai ɗan'uwansa, Google Earth, wanda ke ɗora hotunan tauraron ɗan'adam a kan duniya mai siffar ƙwallo, ka juya ta da yatsa yadda ka ga dama. Asalinsa na kamfanin Keyhole ne, Google ya saye shi a 2004, ya fitar da manhajar da sunan Google Earth a 2005. Kyauta ce a Play Store da App Store.

Mataki na farko: nemo gari

Buɗe manhajar, ka rubuta "Bodinga, Sokoto" a wurin bincike. Matsa kusa da yatsu biyu har rufin gidaje su bayyana. Kusa da nan za ka ga Sifawa, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. Daga nan bi titin Sakkwato zuwa Jega ta kudu har Shagari, mahaifar Alhaji Shehu Shagari, shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983. Nemi madatsar ruwan Shagari. Ruwa yakan fito da duhu a hoton, yashi kuwa fari-fari.

Mataki na biyu: auna gona

Nan ne amfanin yake. Sau da yawa ana jinginar gona ko sayenta da ƙiyasin ido, a ce "ta kai hekta biyu". Nemo gonar, ka taɓa alamar awo mai kama da rula. Ɗora ɗigo a kowace kusurwa, ka zagaye har ka dawo inda ka fara. Manhajar za ta ba ka faɗin wurin. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, don haka in ka ga 6,500, gonar ba ta kai hekta ba. Sanin haka zai taimake ka wajen ciniki da lissafin taki da iri.

Mataki na uku: koma baya

Kunna tsofaffin hotuna daga menu na taswira, ka ja layin shekaru. Gwada hoton damina da na rani, ka ga inda ruwa ke kwanciya kafin ka sayi fili. Akwai kuma Timelapse, mai nuna sauyin ƙasa tun daga 1984 da hotunan Landsat na Amurka. Waɗannan ba su nuna gida ɗaya-ɗaya, domin kowane ɗigo yana wakiltar kusan mita 30.

Abin lura

Hoton ba na kai tsaye ba ne. Yana iya zama na watanni ko shekarun baya, saboda haka duba kwanan watansa. Awon waya ƙiyasi ne, ba ya maye gurbin ma'aikacin safiyo, ko takardar fili, ko shaidar mai unguwa da maƙwabta. In an samu saɓani kan iyaka, kada ka je da waya kana yanke hukunci.

Manhajar na cin data sosai, gara ka yi amfani da Wi-Fi ko datar dare. Fara da gidanku ko gonar gado, ka auna, sannan ka tambayi dattijon gida abin da ya sani game da faɗinta, ka gwada biyun.