Tambaya da Amsa: Ruɓa Daban, Kamuwa da Cuta Daban

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne, kuma a ƙauyenmu ni ake kawo wa takardun malaman gona da kwalaben maganin feshi in karanta. Kullum ina cin karo da "decay", "rot", "mould", "infection" da "infestation", sai in ce wa dattawa duk lalacewa ake nufi. Shin ma'anarsu ɗaya ce? Daga wani mai karatu, Ɗambatta.

AMSA: Allah ya yi maka albarka da wannan hidima. Ma'anarsu ba ɗaya ba ce, kuma wanda ya haɗa su zai sa manomi ya sayi maganin da ba zai yi masa aiki ba. Duk inda ka ga ɗayansu, ka duba abu biyu: abin da ya lalace yana da rai ko ya riga ya mutu, sannan mene ne ya shige shi.

"Decay" da "rot" duk ruɓa suke nufi, wato abin da ya mutu ya narke ya koma ƙasa. Na farko ya fi zuwa a littattafai, na biyu kuma a bakin mutane, musamman in akwai wari da laushi. Ruɓa ba kullum take asara ba. Takin da ake ɗorawa a mangala a kai gona da rani, ruɓarsa ce amfaninsa, kuma da ita gonakin Bichi, Minjibir da Ɗambatta suke ba da amfani shekara da shekaru ba tare da an bar su sun huta ba.

"Infection" kuwa sai ga mai rai: ƙwayar cutar da ido ba ya gani ta shiga jikin mutum, dabba ko shuka ta hayayyafa. Burtuntuna misali ce. Za ka ga zangarniyar dawa, ka murza ƙwayar, sai baƙin gari ya bi yatsunka. Akwai nau'inta da ke bin iri tun daga rumbu, shi ya sa ake gauraya iri da magani kafin shuka. Haka kuturtar gyaɗa da ta cinye kimanin hekta 700,000 a Arewa a 1975. Ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan ganye ne suke yaɗa ta. Inda mutane ke ruɗewa shi ne cuta takan haifar da ruɓa. Idan ka ga "root rot" a takarda, cuta ce ta kama saiwa tana da rai, ruɓar ta biyo baya.

A jikin mutum ma haka ne. Fartanya ta sari ƙafa, bayan kwana biyu wurin ya kumbura, ya yi zafi, ya fara fitar da mugunya: ƙwayar cuta ta shiga. A nan ake zuwa asibiti, tun naman bai mutu ya yi baƙi ba.

"Infestation" na ƙwari ne da ɓeraye, abin da ido ke gani yana yawo, kamar ƙwarin da ke huda wake. Maganin waɗannan ƙwarin shi ne hana su iska. Buhu mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, wannan aikin yake yi ba tare da an zuba wa abinci guba ba.

"Mould" ita ce fumfuna, kuma ita na fi so ka ja wa mutane kunne a kai. Ka ɓare gyaɗar da aka tara da danshi, za ka ga wani kore-kore mai ruwan ɗorawa a jikin ƙwayar, in ka tauna ka ji ɗaci. Wannan fumfunar tana fitar da guba mai suna afulatokzin, wadda ke lalata hanta har ta kai ga ciwon daji. An gano ta ne bayan talo-talo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda tunkuzar gyaɗa, kuma a 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a Kenya. Suya ko dahuwa ba sa kawar da gubar, don haka kada a ce a yi ƙuli-ƙuli da irin wannan gyaɗar ko a ba kaji.

Saboda haka in an sake kawo maka kwalba, ka fara neman sunan abin da aka ce tana kashewa, domin maganin ƙwari ba ya taɓa burtuntuna. Gyaɗa kuma a shanya ta kan tamfol har sai ta yi kacau-kacau in an girgiza, a tsince mai fumfuna a binne, sannan a ɗora buhuna kan katako nesa da bango. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu damina mai albarka.