Yadda ake tafiyar ƙasa daga Dana zuwa Petra bayan rashi

Zafin rashi ba ya gama bayyana ranar jana'iza. Sai an yi sadakar arba'in, 'yan gaisuwa sun ɗauke ƙafa, an naɗe tabarmi, sannan dare yake tsawo. A nan doguwar tafiyar ƙasa take da amfani: tana gajiyar da jiki har barci ya samu, tana kuma ba mutum aiki guda a wuni, wato isa zango kafin rana ta faɗi.

Ga yadda za ka yi ta a ƙasar Jodan. Hanyar da ake kira Jordan Trail ta tashi daga Umm Qais a arewa zuwa Aƙaba a bakin Bahar Maliya, sama da kilomita 650, tafiyar kwana 40. Mai sabon rashi ba ya bukatar duka. Yankinta daga Dana zuwa tsohon birnin Petra, kusan kilomita 80 cikin kwana huɗu zuwa biyar, ya wadatar.

1. Duba kanka tukuna. Idan abinci ya ƙi ciwuwa makonni, ko tunanin cutar da kanka yana zuwa maka, likita za ka fara gani, tafiyar ta jira. Matar da ke takaba kuwa sai ta cika wata huɗu da kwana goma.

2. Zaɓi lokaci: Maris zuwa Afrilu, ko Oktoba zuwa Nuwamba. Tsakiyar shekara zafi ne mai kisa, lokacin sanyi kuma ruwa kan cika kwazazzabai farat ɗaya, ko da inda kake tsaye babu hadari.

3. Horar da ƙafa wata biyu. Fara da kilomita biyar bayan asuba, ka riƙa ƙarawa har 15, da jaka a baya. Ka yi horon da takalmin da za ka tafi da shi, ya ɗan fi ƙafarka girma, domin ƙafa tana kumbura. Marubuciyar Amurka Cheryl Strayed, wadda ta yi sama da kilomita 1,700 a hanyar Pacific Crest Trail a 1995 bayan rasuwar mahaifiyarta, ƙaramin takalmi ne ya cire mata farce. Ranar farko daga ƙauyen Dana zuwa Feynan gangara ce zalla, ita ce ke dukan yatsu.

4. Ɗauki ɗan jagora daga Larabawan yankin. Bayan Feynan hanya tana hawa duwatsu, alamomi kaɗan ne, waya takan rasa sabis, ruwa kuma sai wanda ya san wurin. Riƙe lita huɗu zuwa biyar a wuni, da ƙunshin gishiri da sukari, da dabino. Sallah ba za ta yi maka wuya ba: akwai ƙasaru, akwai taimama.

5. Abokin tafiya shi ne abin da na fi so ka yi wa dogon tunani. Kada ka ɗauko mai yawan nasiha. Ka riga ka ji "a yi haƙuri" daga bakuna masu yawa, kuma sun kyauta, amma a kan hanya wanda zai iya tafiyar awa biyu bai ce uffan ba kake bukata. Ku yi yarjejeniya tun daga gida: da safe kowa ya yi shiru, hira sai an sauka. Idan kuka ya zo, ka ja baya kaɗan ka yi abinka, shi kuma kada ya waiwayo sai ka kira shi. Da dare ka ambaci mamacin da sunansa, ka faɗi har abin da yake yi da ke ba ka haushi. A zaman makoki ba a samun wannan damar, yabo kaɗai ake yi.

6. Kada ka ɗora wa Petra nauyin warkar da kai. Za ka shigo ta wurin da ake kira Beidha ka hau zuwa Ad-Deir, babban ginin da Nabatiyawa, mutanen Petra na dā, suka sassaƙa a jikin dutse, ka tarar da masu ɗaukar hoto da masu sayar da shayi. Wataƙila ba abin da za ka ji sai ciwon gwiwa.

7. Shirya dawowa kafin ka tashi. Bar kwana biyu kafin komawa aiki, ka sa wani ɗan'uwa ya tarbe ka ya kwana a gidan. Ka kuma tsayar da rana ɗaya a mako ta tafiyar awa biyu, da takalmin nan dai.