Darasi: idan ƙafar sa ta baya ta ƙage

A bazara, lokacin da shanu suka rame, masu amalanke a Tasawa da Mayahi sukan zo da koke iri ɗaya: sa ya tashi da safe, ƙafar baya ɗaya ta miƙe ƙam ta ƙi lanƙwasa, yana jan kofato a ƙasa. In ya yi taku kaɗan sai a ji ƙas, ƙafar ta fizgo sama, tafiya ta daidaita. Gobe ya sake.

Matsalar a gwiwa take, wato gaɓar da ke sama kusa da kwiɓi. Jijiyoyi 3 ne ke ɗaure ƙoƙon gwiwa da ƙashin ƙwauri. In ƙoƙon ya hau sama, jijiyar da ke ta ciki takan maƙale a kan tudun ƙashin cinya, ƙafa ta kulle. Rama na jawo shi, haka tsohon ciki da farkon shayarwa, da miƙaƙƙiyar ƙafa ta gado. Jaki da doki ma suna yi.

Littattafanmu sun fi maganar ƙananan karnukan Turai. A wurinsu ƙoƙon gefe yake gocewa, galibi ta ciki, sau da yawa saboda ƙwauri ya murɗe tun suna ƙanana, kuma an kasa tsananinsa mataki 4. Na shanu ya fi sauƙin gyara nesa.

Ku duba dabbar da sassafe kafin ta motsa. Ku sa ta ja da baya, ko ta juya a ƙaramin fili, nan abin ke fitowa. Ku taɓa gwiwar: in da zafi ko kumburi, wata cuta ce daban, a duba kofato ko ƙaya ta shiga.

Kada a yi lalas, kada a kai wa mai ɗori, domin babu abin da ya karye. Wuta gyambo kawai take bari, ƙudaje su samu wurin zama. In abin bai yi tsanani ba, a ƙara harawa da dusa, a riƙa tafiya da ita kullum. In ya ƙi, likitan dabbobi zai yi allurar kashe zafi a wurin, ya yanke jijiyar ta ciki. Yawanci nan take dabba ke taka ƙafarta daidai. Wannan ba aikin wuƙar gida ba ne, don kuskure kaɗan sai a yanke jijiyar tsakiya, sa ya gurgunce.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ganin an sayar wa mahauci sa mai ƙarfi a wulaƙance, ana saura wata guda ruwa ya sauka. Kafin ku kai shi kasuwa, ku biya ta ma'aikatar kiwo ta yankinku a duba shi.